Tsagi da Launi: Tarihin Harafin da Aka Sassaƙa

Mahaifina ya shekara talatin yana rubuta allunan shaguna da burushi a Zariya. Tun ranar da aka kafa injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda ake kira CNC, a wani shagon kafintoci na unguwarmu, masu kawo masa aiki suka soma janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa da na gama hidimar ƙasa ban sami aiki ba, sai na kama tsara haruffa a kwamfutar wannan shago. Baba bai ce uffan ba, amma na san abin ya sosa masa rai. Wannan ne ya tunzura ni bin diddigin sana'ar, don in gane ko da gaske abincina ne ya tsone wa nasa ido.

Binciken ya kai ni birnin Rum. A gindin hasumiyar Sarki Tarajan, wadda aka kammala a shekarar 113 Miladiyya, akwai rubutun da har yau masu zanen haruffa ke koyi da shi. An fafe kowane harafi a jikin dutse, tsagin yana da faɗi a sama, yana tsukewa a ƙasa, domin haske da inuwa su fito da siffarsa. Duk da haka Rumawa ba su dogara da inuwa kaɗai ba, sukan cika tsagin rubutunsu da jan launi don mai wucewa ya karanta daga nesa.

A 1968 wani limamin Katolika Ba'amurke, Edward Catich, wanda ya taɓa yin sana'ar rubuta alluna a Cikago, ya wallafa littafi a kan asalin 'yan ƙafafuwan da ke ƙarshen haruffan Rumawa. Hujjarsa ita ce, da burushi mai faffaɗan baki ake fara rubuta harafi a kan dutse, sannan masassaƙi ya bi sawun da cizal. Ke nan burushi ne ke buɗe aiki, shi ne kuma ke rufe shi.

Shi kuwa injin, asalinsa ba ya da alaƙa da alluna. A ƙarshen shekarun 1940 John Parsons, mai ƙera farfelar jirgi mai saukar ungulu a jihar Michigan, ya kawo dabarar bi da na'ura ta hanyar lissafi. A 1952 Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, da kuɗin rundunar sojan saman Amurka, ta nuna injin farko mai karɓar umarni daga takarda mai huji-huji. Daga baya kwamfuta ta maye gurbin takardar, farashi ya yi ta sauka, har jikan wancan inji ya iso unguwarmu.

Allon da na fara yi ni kaɗai na katakon maɗaci ne. Injin ya fafe haruffan cikin mintuna kaɗan, ba karkata. Na zuba baƙin fenti a tsagin, kafin gari ya waye ya bi jijiyoyin katakon ya nashe, kowane harafi ya yi gashi. Cikin kunya na ɗauki allon na kai gida.

Baba ya shafa shi da yatsa ya ce, "Ɗana, katako ƙishirwa gare shi. In ba ka shayar da shi ba, fentinka zai sha."

Ya goge saman da sanfefa, ya shafa man rufe katako har cikin tsagin, ya bari ya bushe sarai. Sannan ya bi haruffan da siririn burushi, shafi biyu marasa kauri, ya sake goge abin da ya haura baki. Washegari sunan mai shagon ya fito tas.

Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da injin ya karɓa aikin cizal ne, matakin ƙarshe kuwa yana nan a hannun mutum kamar yadda yake tun zamanin Rumawa. Na roƙi maigidana ya gwada Baba. Yanzu duk allon da ya sauka daga injin, a kan bencinsa yake kwana, ni kuma da la'asar nakan zauna gefensa ina koyon riƙon burushi.