GUBAR DA SOJOJIN AMURKA SUKA KOMO DA ITA GIDA

Duk lokacin da aka tayar da zancen yaƙe-yaƙen Amurka, lissafin gawarwaki muka saba ji: mutum kaza aka kashe a Biyetnam, mutum kaza a Iraƙi. Akwai wani lissafin da ba a cika yi ba, na sojojin da suka dawo gida da ƙafafunsu, dangi suka yi murna, bayan shekara goma ko ashirin ciwon daji ya kwantar da su. Shi nake son mu duba yau. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni a hankali.

Mu fara da Biyetnam. Daga 1962 zuwa 1971 sojojin Amurka sun fesa maganin kashe ciyawa kusan galan miliyan 19 a kan dazuzzuka da gonakin ƙasar. Mayaƙan da suke fafatawa da su a cikin duhuwar daji suke ɓuya, sai aka ce a kaɗe ganyen itatuwan, a kuma lalata amfanin gonar da suke ci. Fiye da rabin abin da aka fesa wani haɗi ne da ake kira Agent Orange, saboda zanen ruwan lemo da ake yi wa durom ɗin da ake zubo shi a ciki. Wajen haɗa shi a masana'anta wata guba mai suna dayoksin tana shiga ciki. Ita wannan gubar ba ta fita da wuri, tana maƙalewa a kitsen jikin mutum, tana kwanciya a cikin ƙasa shekara da shekaru. Sojoji sun yi dakon durom ɗin, sun kwana a inda aka fesa, sun sha ruwan rafukan wurin.

Bayan an gama yaƙi kowa ya koma garinsu. A 1977 wata ma'aikaciya a ofishin kula da tsofaffin sojoji na Chicago, Maude DeVictor, ta lura cewa waɗanda suka yi Biyetnam suna ta zuwa da cututtuka masu kama da juna, ta fara tara bayanansu. A 1978 wani gidan talabijin na birnin ya yi shiri a kai, magana ta fito fili. Me hukumar ta ce? Ta ce kowa ya kawo hujja cewa feshin ne ya jawo masa ciwonsa.

A nan duk rikicin yake, jama'a. Mutumin da yake kwance yana fama da kansa, ta yaya zai tabbatar cewa ranar kaza, shekara goma da suka wuce, jirgi ya fesa magani a kan hanyar da ya bi? Taswirar feshin tana hannun gwamnati. Takardun inda aka tura kowace bataliya suna hannun gwamnati. Kuma tun 1950 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Feres cewa soja ba zai iya kai gwamnati ƙara kan raunin da ya samu a bakin aiki ba. Wato an ɗaure shi tamau, sannan aka ce ya yi gudu.

Da ƙofar gwamnati ta rufe, sai suka juya kan kamfanonin da suka haɗa maganin. Wanda ya fara shigar da ƙara a 1978 shi ne Paul Reutershan, wanda ya yi aiki a jirgi mai saukar ungulu a Biyetnam. Bai ga ƙarshen shekarar ba, ciwon daji ya ɗauke shi yana ɗan shekara 28. A 1984 kamfanoni bakwai, ciki har da Dow da Monsanto, suka yarda su biya dala miliyan 180 a gaban alƙali Jack Weinstein, ba tare da sun amsa laifi ba. Kuɗin ya yi kama da mai yawa. Da aka zo rabo, mutum kusan 52,000 ne suka samu, kowa ya tashi da abin da bai wuce dala 3,800 ba in aka daidaita.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan babin shi ne na Admiral Elmo Zumwalt. Shi ne kwamandan sojan ruwan Amurka a Biyetnam, shi ya ba da umarnin a fesa maganin a gaɓar koguna domin a daina yi wa ƙananan jiragen ruwansa kwanton ɓauna. Ɗansa na cikinsa yana jagorantar ɗaya daga cikin jiragen nan. Ɗan ya rasu a 1988 da ciwon daji yana da shekara 42. Uban bai ɓoye hannunsa a cikin lamarin ba, ya koma cikin masu fafutukar a biya tsofaffin sojoji, har a 1990 ya rubuta rahoto yana zargin cewa an karkatar da binciken da gwamnati ta yi a kan gubar.

Sai ranar 6 ga Fabrairu 1991 Shugaba Bush babba ya sa hannu a dokar Agent Orange. Shekara ashirin ke nan bayan feshin ƙarshe. Abin da dokar ta zo da shi ina so a riƙe shi da kyau, domin shi ne zuciyar labarin. Ta ce idan ka yi aiki a Biyetnam a cikin shekarun da aka ƙayyade, kuma ka kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, to an ɗauka aikin ne ya jawo maka. Ba sai ka kawo hujja ba. An sauke maka nauyin. Da cututtuka uku kacal aka fara, aka kuma ɗora wa cibiyar masana kimiyya ta ƙasar ta riƙa duba bincike duk bayan shekara biyu.

Daga nan aka riƙa ƙara cututtukan kamar ana ɗiga ruwa. A 1996 aka yarda da wata nakasar ƙashin baya da ake haifar 'ya'yansu da ita. Ciwon suga ya shiga a 2001. Cutar karkarwar jiki ta Parkinson da wani nau'in ciwon zuciya sai 2010. Sojan ruwan da suka yi aiki a cikin teku kusa da gaɓa sai 2019 aka yi musu doka. Hawan jini kuwa sai 2022. Ku yi lissafi da kanku: yaron da aka tura Biyetnam a 1968 yana ɗan shekara 20, a 2022 shekararsa 74. Nawa ne suka kai?

Abin mamaki, ranar da ake sa hannu a waccan dokar ta 1991, wani yaƙin yana kan gudana a yankin Gulf. Sojojin Saddam sun cinna wa rijiyoyin man Kuwait sama da 600 wuta, hayaƙi ya rufe rana. A watan Maris na shekarar sojojin Amurka suka fasa wani rumbun makamai a Khamisiyah a kudancin Iraƙi, ashe akwai iskar guba ta sarin a ciki. Sai 1996 ma'aikatar tsaro ta amsa hakan, daga baya ta aika wa sojoji kusan 100,000 takarda cewa mai yiwuwa sun shaƙa. Kafin nan, masu kukan kasala da ciwon gaɓoɓi da mantuwa, damuwa ce kawai aka ce tana damun su. A 2008 wani kwamitin da majalisa ta sa aka kafa ya ce ciwon gaskiya ne, kuma ya kama aƙalla mutum ɗaya cikin huɗu na sojoji kusan 700,000 da suka je.

Za ka ce an koyi darasi. Ina! Bayan 2001, a Afganistan da Iraƙi, sansanonin soja ba su da inda za su kai shara, sai a haƙa ƙaton rami a zuba komai: roba, tayoyi, batura, fenti, tsofaffin kwamfutoci, sharar asibiti, bahaya. A watsa man jirgin sama a kai a kunna. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bolar da aka cinna wa wuta ya san yadda ƙaurin leda yake shaƙe maƙoshi. To a sansanin Balad da ke arewa da Bagadaza, ramin ya kai faɗin eka goma, ana ƙona shara fiye da tan 100 a kullum, dare da rana, ga ɗakunan kwanan sojoji nan kusa. Tun 2006 wani hafsan sojan sama mai kula da lafiyar muhalli, Darrin Curtis, ya rubuta takarda cewa wannan hayaƙi haɗari ne. An ƙiyasta sojoji miliyan 3.5 ne suka yi aiki a inda ake irin wannan ƙone-ƙonen.

Sai aka sake komawa gidan jiya: kawo hujja. Daga 2007 zuwa 2020 mutum sama da 12,000 suka nemi diyya kan hayaƙin ramukan, aka kori kusan kashi 78 cikin 100. Sun kai kamfanin KBR da ya riƙe kwangilar ƙara, kotu ta yi watsi da ita, a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi saurara. Wani likita a jami'ar Vanderbilt, Robert Miller, sai da ya riƙa yanko ɗan naman huhun sojoji yana dubawa kafin ya gano ƙananan hanyoyin iskarsu sun toshe, abin da hoton ƙirji ba ya nunawa. Wani tsohon soja daga Texas, Le Roy Torres, da matarsa Rosie suka kafa ƙungiyar Burn Pits 360, suka fara rubuta sunayen marasa lafiya da kansu tun kafin gwamnati ta buɗe nata rajistar a 2014.

Abin da ya sauya lissafi a wannan karon, a nawa ganin, shi ne ciwon ya shiga babban gida. Beau Biden, ɗan Joe Biden, ya yi aikin soja a Iraƙi, ya rasu a 2015 da kansar ƙwaƙwalwa. Uban ya sha faɗa cewa yana zargin hayaƙin ramukan, duk da ya ce ba zai iya tabbatarwa ba. Ga kuma ɗan barkwancin nan Jon Stewart da ya ɗauki maganar ya hana 'yan majalisa sakat. Duk da haka sai da aka yi dambarwa. A watan Yuni 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ƙuri'a 84 da 14. Da ya dawo a ƙarshen Yuli saboda wani ɗan gyara, sanatoci 25 na jam'iyyar Rifablikan suka janye, ya tsaya cak. Tsofaffin sojoji da iyalansu suka shimfiɗa kayansu a matakalar majalisa suna kwana a nan. Ranar 2 ga Agusta ya wuce da ƙuri'a 86 da 11, ranar 10 ga wata Biden ya sa hannu.

Ita ce dokar PACT, wadda aka sa wa sunan Heath Robinson, wani sojan jihar Ohio da kansar huhu ta kashe a 2020 yana da shekara 39. Ta sauke nauyin hujja a kan cututtuka fiye da 20 na numfashi da na daji, ta ce a riƙa tantance duk tsohon sojan da ke rajistar asibitocin hukumar ko ya taɓa haɗuwa da guba, ta buɗe ƙofar diyya ga matan mamata da marayunsu. An ƙiyasta za ta ci kusan dala biliyan 280 a shekara goma. Zuwa watan Mayu 2024 an amince da buƙatu miliyan ɗaya.

Kada mu manta da waɗanda aka fesa wa maganin a kan gonakinsu. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Biyetnam tana ƙiyasta mutum miliyan uku ne gubar ta shafa. Su ma sun shigar da ƙara a Amurka a 2004, alƙali Weinstein ɗin nan dai shi ya kore ta a 2005. Sai 2012 Amurka ta fara aikin share gubar a filin jirgin saman Da Nang. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Balad kuma, waɗanda iska ta riƙa kai wa hayaƙin har cikin ɗaki, babu sunansu a dokar PACT.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihin shi ne, gwamnati ba ta buƙatar ta ce ba za ta biya ba. Ya ishe ta ta ce ana kan bincike, a kawo hujja, lokaci ya yi mata sauran aikin. Kowace shekarar jira tana rage yawan masu karɓa. Wannan a ƙasar da ke da takardu da lauyoyi da jaridu masu tono ke nan, sai da aka shekara ashirin a karon farko, aka shekara kusan ashirin a karo na uku.

Mu ma mun tura sojoji waje: Kwango a 1960, Laberiya a 1990, Saliyo, Darfur. Ban ce an fesa musu guba ba. Amma idan ana zancen tsofaffin sojojinmu, a kan fansho da garatuti maganar take tsayawa, su ma sai an gan su sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja. Abin da ya kamata mu nema tun yanzu shi ne a rubuta inda aka tura kowane soja da abin da ya yi aiki da shi, a ajiye, a ba shi kwafi ranar da ya ajiye kaki. Idan kuma ciwo ya biyo baya, hukumar da ta tura shi ita za ta kawo hujjar cewa ba aikinta ba ne. In ba haka ba, an ci moriyar ganga ke nan an yada kwaurenta.

Allah Ya kyauta.