Maganin statin mai ƙarfi

Maganin statin mai ƙarfi hanya ce ta rage kolesterol da kitsen jini, wato tiraigiliseraid, ta shan ƙwayar statin mai yawan awo kullum. Likitoci kan rubuta atorvastatin miligiram 40 zuwa 80, ko rosuvastatin miligiram 20 zuwa 40. Wannan awo yana rage mugun kolesterol na LDL da rabi ko fiye, amma tasirinsa a kan tiraigiliseraid bai kai haka ba.

Statin yana aiki ne a hanta, inda yake daƙile sinadarin HMG-CoA reductase da jiki ke sarrafa kolesterol da shi. Akira Endo, masanin kimiyya ɗan Japan, shi ne ya gano statin na farko a shekarun 1970, sannan Amurka ta amince da lovastatin a 1987.

An fi bai wa waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki maganin statin mai ƙarfi. Illarsa da aka fi kuka da ita ciwon tsoka ce, kuma yakan ɗan ƙara haɗarin ciwon sukari. A watan Yunin 2011 hukumar FDA ta Amurka ta taƙaita amfani da wani statin, simvastatin miligiram 80, saboda lahanin da yake yi wa tsoka.