Ganuwar Kano da Gidajen Yaƙin Turawa



Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna ranar da Malamin Tarihi ya zana mana gidan yaƙin Turawa a allo, da hasumiyoyinsa da ramin da ya kewaye shi, ya ce kowa ya kwafa. Mun kwafa, mun haddace, mun ci jarrabawa. Amma ban tuna wanda ya ɗaga hannu ya ce ai mu ma muna da irinsa ba, alhali da yawanmu ta Ƙofar Nasarawa ko Ƙofar Mata muke shiga gida in an ba da hutu. Ni kaina sai da zama ya kawo ni Unguwar Shanu a nan Kaduna, garin da Turawa suka zana suka mai da shi hedkwatar Arewa a 1917, wanda bai taɓa sanin ganuwa ba, sannan na fara tunanin abin da na baro.

Bari in fara da nasu. A kan iyakar Ingila da Wales akwai wani gidan yaƙi mai suna Chepstow, bisa wani tsauni a bakin kogin Wye. Wani basarake Banormande, William FitzOsbern, ya fara gina shi a 1067, shekara ɗaya bayan Normandawa sun ci Ingila. Da dutse aka yi shi, kuma ba don talakawan wurin aka yi shi ba. Mazaunin baƙon mai mulki ne da dakarunsa, daga nan suke sa ido kan mashigin kogi, suna tsorata mutanen ƙasar. Manomi yana waje.

To, ganuwarmu ba haka take ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, wato kusan sa'ar Chepstow ce. An ce ran da aka fara aikin shanu 100 aka yanka wa ma'aikata, kuma ƙofofi takwas aka yi mata. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Da gari ya cika ya batse, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Abin lura shi ne abin da aka zuba a cikinta: gidan Sarki, da kasuwar Kurmi, da Dala da Gwauron Dutse, da kududdufai, da makekan gonaki. Baturen nan ɗan yawon buɗe ido, Barth, da ya zo a 1851 ya tarar babban yanki na cikin birni fili ne ana noma shi. Dalili kuwa a fili yake. In abokan gaba suka taso, mutanen karkara su kwaso iyali da dabbobi su shigo, a rufe ƙofa, ga ruwa ga hatsi, mai kewaye gari shi yunwa za ta fara kora.

Yadda aka yi ginin shi ya fi burge ni. Ƙasa ce zalla. A haƙa, a kwaɓa, a mulmula tubali, a shanya, a jera, a shafe. Ramin da aka ɗebi ƙasar shi ke zama gwalalo a waje, a bar sarƙaƙiya ta cika shi, doki ba ya ratsawa balle mai ƙafa. Gindin ganuwar faɗi gare shi, tana tafiya tana tsukewa zuwa sama, ta ciki kuma an yi mata tudu inda maharba ke tsayawa suna harbi ta 'yan kafofi. Lugga da kansa, a rahoton da ya aika Ingila, ya ce kewayenta mil 11 ne, da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta wajen ƙafa 40, ya kuma amsa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba.

Ƙofofin su ne wurin gwaninta. Ƙyauren kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, wasu ma da fatar shanu aka rufe su. Dabarar tana ga inda aka kafa shi. An janye ƙofar ta shige ciki, ganuwa ta fito dama da hagu kamar ƙahon sa, duk wanda ya doso sai kibiya ta same shi ta gefe biyu. In ya tsira ya shiga, zai tarar da dogon soro mai lanƙwasa, ƙunƙuntacce, mahaya ba sa shiga a jere. Maginan Turai su ma irin wannan tunanin suka yi da hasumiya biyu a bakin ƙofa. Babu wanda ya koya wa wani, yaƙi ne ya koya wa kowa. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, yana rufewa da almuru, ya buɗe da asuba.

Kada in cika baki, an sha keta ta. Kwararrafawa sun shiga birnin fiye da sau ɗaya a ƙarni na 17. Ran 3 ga Fabrairu 1903 kuma Kanar Morland ya iso da rundunarsa daga Zariya, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Igwa ta bugi ganuwar ba ta yi mata komai ba, ƙasa ta haɗiye harsashin. Sai da suka zagaya Ƙofar Kabuga suka fasa ƙyaure sannan suka samu shiga. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya tsaya a gidan Sarki har aka kashe shi. Duk lokacin da na rubuta adireshina nakan tuna da wannan bawan Allah, ko da yake unguwarmu ba ta da wata alaƙa da shi sai suna.

A ganina abin da igwa ta kasa, daina gayya ne ya yi shi. Ginin dutse ko an watsar da shi shekara 300 yana nan tsaye, shi ya sa har yau ake biyan kuɗi a shiga Chepstow. Ginin ƙasa kuwa kamar gona yake, sai da hidima. A da, in damina ta ɗauke, akan raba ganuwa kashi-kashi, kowane hakimi da mutanensa su yaɓe nasu rabon. Da yaƙi ya ƙare, wannan aiki ya mutu, ruwan sama ya yi ta zaizaya, masu gini suka mai da ita wurin ɗibar ƙasa, wasu suka kafa gidaje da shaguna a kanta. An sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa rajistar UNESCO a 2007, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi.

Zuwana Kano na ƙarshe na tsaya kusa da Kabuga da jikana, na nuna masa wani tudu da awaki ke kiwo a kai, na ce masa ga badala. Ya dube ni ya ce, "Kaka, ina?"