Rijiyoyin Omaheke: yadda aka hallaka Herero da Nama

Duk wanda ya tashi a ƙasar makiyaya ya san cewa mai riƙe da rijiya shi ke riƙe da rai. A shekarar 1904, a ƙasar da ake kira Namibiya yau, wani janar na Jamus ya mai da wannan sani makami, ya hallaka al'umma da ƙishirwa. Masana tarihi da dama suna lissafa abin da ya auku can a matsayin kisan kiyashi na farko a ƙarni na 20.

Jamus ta kafa tutarta a ƙasar a 1884. Herero, makiyayan shanu, suna zaune a tsakiya, Nama kuwa a kudu. A 1897 annoba ta faɗa wa shanu, ta share mafi yawan garkunan Herero. Wanda ya rasa dukiya ya ci bashi wurin fataken Turawa, su kuma suka riƙa karɓar sauran shanu da filayen kiwo a bakin bashin. Ga bulala, ga cin mutuncin mata, ga kotun da ba ta jin ƙarar baƙar fata. Tura ta kai bango a watan Janairu 1904: Herero suka tashi ƙarƙashin sarkinsu Samuel Maharero, suka kashe Jamusawa sama da 100, akasarinsu maza, domin sarkin ya hana a taɓa mata da yara da ƴan mishan.

Gwamna Theodor Leutwein ya so a murƙushe tawayen sannan a yi sulhu, don mulkin mallaka yana bukatar leburori. Berlin ta ga ya yi sanyi, ta turo Janar Lothar von Trotha. Ran 11 ga Agusta 1904 sojojinsa suka gamu da Herero a Waterberg, inda suka taru da iyalansu da dabbobinsu. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas, cikin hamadar Omaheke. Soji suka bi sawunsu, suna kora su daga wannan rijiya zuwa waccan, sannan suka tsare bakin hamadar. Mutane suka yi ta haƙar rairayi suna neman ruwa har suka mutu a bakin ramukan. Maharero da kaɗan daga jama'arsa ne suka kai ƙasar da ta zama Botsuwana.

Ran 2 ga Oktoba 1904 Trotha ya ba da umarni a rubuce: duk Baherere da aka samu cikin iyakar Jamus, da bindiga ko babu, da shanu ko babu, a harbe shi, mata da yara ma ba za a ƙara karɓarsu ba. A watan Disamba Berlin ta janye umarnin, amma mutuwa ta sake kama kawai. Aka tattara waɗanda suka rage cikin sansanoni, aka sa su aikin tilas a tashoshin jirgin ruwa da shimfiɗa layin dogo. Nama, waɗanda suka ɗauki makami a Oktoba 1904 ƙarƙashin Hendrik Witbooi, su ma can suka ƙare. Mafi muni shi ne sansanin wani tsibiri a bakin garin Luderitz, inda sanyin teku da yunwa da cuta suka cinye mafi yawan fursunoni. An aika ƙoƙunan kan waɗansu mamatan zuwa Jamus, don masu binciken da ke neman hujjar fifikon farar fata.

An rufe sansanonin a 1908. Ana ƙiyasta Herero sun kai kamar 80,000 kafin yaƙi. Ƙidayar 1911 ta sami kamar 15,000. Nama, da suke wajen 20,000, rabinsu suka tafi. An ƙwace ƙasarsu, an hana su mallakar shanu sai da izini, an rataya musu lambar ƙarfe a wuya.

Mutanen Birnin Ƙonni da Lugu, waɗanda rundunar Voulet da Chanoine ta bi ta kansu a 1899, ba za su ji labarin nan baƙo ba. Abin da ya ware na Namibiya shi ne niyyar da aka rubuta a takarda, ta shafe al'umma don kasancewarta ita. Wannan niyya ita ce ginshiƙin laifin da lauya Raphael Lemkin ya raɗa wa suna a 1944, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta da yarjejeniyar 9 ga Disamba 1948.

Amsa laifi ya daɗe bai zo ba. Rahoton da Ingila ta wallafa a 1918, mai ɗauke da shaidar waɗanda suka tsira, an janye shi a 1926 don a sasanta Turawan ƙasar. A 2004 wata ministar Jamus ta nemi gafara. A 2011 aka mayar da ƙoƙunan kai 20. A watan Mayu 2021 gwamnatin Jamus ta kira abin da sunansa a hukumance, ta yi alkawarin yuro miliyan 1,100 cikin shekara 30 don ayyukan raya ƙasa, ba tare da ta kira kuɗin diyya ba. Manyan shugabannin Herero da Nama suka ƙi, suna cewa an yi musu aski ba sa nan.

Ƙorafinsu yana da tushe a ƙasa: ƙididdigar 2018 ta nuna kashi 70 cikin 100 na manyan filayen noma da kiwo na kasuwanci suna hannun fararen fata. Ran 28 ga Mayu 2025 Namibiya ta yi zaman makokin ƙasa na farko don tunawa da mamatan. Jikokinsu da yawa sun je wurin daga yankunan da aka tura kakanninsu, nesa da makiyayar da aka ƙwace.