Gulbi biyu da rijiyoyinsu: ɗan tarihin ruwa a ƙasar Maraɗi

Manomin Agye ko na Gidan Rumji yana raba ƙasa gida uku: jigawa, geza da fadama. Mu a ganinmu, rabon nan na ruwa ne tun kafin ya zama na ƙasa, don kowace kalma tana faɗin inda ruwan sama yake zuwa bayan ya sauka. Jigawa tana shanye shi, geza tana kore shi, fadama tana ajiye shi kusa da hannu.

Fadamun yankin suna bin kwari biyu. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Gazawa, ya daɗe da daina gudu, sunan kawai ya rage. Kalmar "kaba" kuwa shaida ce, tunda goriba ta fi son inda ruwan ƙasa bai yi nisa ba. Gulbin Maraɗi, mai bi ta Tibiri da Gidan Rumji, yana kawo ruwa da damina daga ƙasar Katsina, kuma ambaliyarsa ce ke cika rijiyoyin fadama. A shekarar 1990 Nijar da Nijeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kai. A daidai lokacin ne ake kammala madatsar Jibiya a kan wannan gulbi. Ambaliya ta ragu, famfunan noman rani suka yi ta ƙaruwa.

A kan tudu labarin daban ne. Noman gyaɗa na shekarun 1950 da 1960 da yawan jama'a sun cinye saura, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka tarar da gonaki tsirara. Ana yawan ambaton tassa, wato ramukan tara ruwa da manoman Illela suka koyo daga Yatenga a ƙarshen shekarun 1980. Amma tassa maganin ƙasa mai tauri ce; a cikin rairayi ramin cikewa yake. Abin da ya karɓi jigawar Agye shi ne barin tohon kututture ya girma, dabarar da Tony Rinaudo ya yaɗa a Maraɗi daga 1983, kuma ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna da ita. Itacen yana tare iska, ganyensa yana riƙe laima. Manoma suka kira ta "sassaben zamani", alhali sassabe a dā yana nufin sare komi.