Bom ɗin Faransa da Hazon Hunturun 1960

Ranar Asabar, 13 ga Fabrairu 1960, da sassafe, Faransa ta tayar da bom ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya. A kan wata hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 100 aka ɗora shi, kuma ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Daga can zuwa Malumfashi bai kai kilomita 2,000 ba. Abin da ya raba mu da wurin hamada ce, hamadar da kowace shekara take aiko mana da hazo.

Watan da aka zaɓa shi ya fi tsaya mini a rai. A gidanmu auduga muke nomawa, na kuwa san yadda ƙarshen hunturu yake a ƙasar nan. Leɓe ya tsage, diddige ya yi kaushi, rana ta fito fara fat ba zafi. In aka share tsakar gida da safe, kafin azahar ƙura ta sake kwantawa. Ko an rufe randa da faifai, in aka buɗe sai a ga wani siririn datti yana yawo a kan ruwan. Audugar da aka tsinta a Malumfashi da Ƙafur da Bakori da Daudawa a fili take zube tana jiran sikeli, kafin a kwashe ta zuwa gidan gurza. Rijiyoyi baki buɗe suke. Shanu a tafki suke sha, nononsu kuma washegari yana cikin ƙwarya a bakin kasuwa an dama shi da fura. Barkono da kuɓewa suna shanya a kan rumfa. Manomin ƙasar Katsina ba shi da abin da yake ci ko yake sha wanda iskar arewa ba ta taɓa ba. Wanda duk ya yanke shawarar tayar da irin wannan makami a Sahara cikin watan Fabrairu, ko bai san da mu ba, ko ya sani bai damu ba.

Shugabanninmu dai sun damu. Tun a 1959, kafin samun mulkin kai, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Landan ya kai kukan Nijeriya. Ingila ba ta so ɓata wa shugaban Faransa, Janar de Gaulle, rai ba, saboda haka abin da aka samu shi ne kwamitin masana na haɗin gwiwa da na'urorin auna gubar da ke cikin iska a wasu garuruwa, har da Kano. A ƙarshen shekarar wasu masu adawa da makamin suka tashi daga Accra a motoci, da niyyar kai jikinsu filin gwajin. Hukumomin Faransa suka tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, suka mayar da su. Bayan bom ya tashi, Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Ghana.

Faransa ta sake gwaji ran 1 ga Afrilu 1960, ta yi na uku ran 27 ga Disamba, tsakiyar wani hunturun. A lokacin Nijeriya ba ta cika wata uku da samun 'yanci ba. Ran 5 ga Janairu 1961 gwamnatin Ɓalewa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, awa 48 ya bar ƙasar, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na Faransa sauka a Nijeriya. Ana yawan cewa Ɓalewa mai sanyi ne da Turawa. Ni dai duk sa'ad da aka faɗi haka sai in tuna da wannan ranar, domin matakin ba na kyauta ba ne: maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Dahome da Kamaru duk suna hannun Faris, kuma an ɗauki shekaru kafin dangantaka ta dawo.

Rigimar ta wuce Faransa. Tun ƙarshen 1958 Amurka da Tarayyar Sobiyet da Ingila suka dakatar da gwaje-gwajensu, kowa yana leƙen kowa. Faransa kuwa 'yar ƙawancen tsaron Yamma ce, don haka Rasha ta ɗauki bom ɗin Reggane a matsayin ƙari ga makaman abokan gabarta. Gwaji na huɗu, ran 25 ga Afrilu 1961, cikin gaggawa aka yi shi, lokacin da wasu janar-janar na Faransa suka yi tawaye a Aljeriya, ana tsoron kada makamin ya faɗa hannunsu. A watan Satumba Rasha ta koma gwaji, ran 30 ga Oktoba ta tayar da bom mafi girma da ɗan Adam ya taɓa tayarwa.

Cikin wannan zaman ɗarɗar ne Amurka ta kafa tasha a Kano. Hukumarta ta binciken sararin samaniya, NASA, tana bukatar tashoshi kewaye da duniya don bin sawun kumbon 'yan sama jannatinta, aka sa ɗaya a Kano, ɗaya a Zanzibar. Da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya kewaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano tana cikin waɗanda suka bi shi. Aikinta ke nan a hukumance, kuma aikin da aka san ta yi ke nan. Amma masu zargin cewa leƙen asiri take yi suna da hujjarsu. Ran 1 ga Mayu 1960 Rasha ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2, wanda ya tashi daga Peshawar ta Pakistan. Da farko Amurka ta ce jirgin auna yanayi ne na NASA da ya ɓace hanya, sai shugaban Tarayyar Sobiyet, Khrushchev, ya bayyana cewa matuƙin, Gary Powers, yana hannu da ransa. Ya kuma gargaɗi ƙasashen da ke ba irin waɗannan jirage masauki cewa rokokinsa za su iya kai musu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. A Zanzibar an yi zanga-zanga kan tashar, bayan juyin juya halin 1964 aka rufe ta. A Nijeriya ɗalibai sun matsa wa yarjejeniyar tsaro da Ingila lamba har aka soke ta a Janairu 1962. Tashar Kano ta ci gaba da aiki zuwa tsakiyar shekarun 1960.

Faransa ta koma yin gwajinta a ƙarƙashin duwatsun In Ekker har 1966. Jimilla sau 17 ta yi a Aljeriya, huɗu daga ciki a sarari. Duk tsawon lokacin maganarta ɗaya ce, cewa gubar ba ta kai ta cutar da na nesa ba. Ba zan ɗora wa bom ɗin kowace cuta da ta sami iyayenmu ba, don hakan ba adalci ba ne. Abin da nake riƙe da shi shi ne ɓoyon da aka yi. A Fabrairu 2014 jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana rufewa. Ta nuna gajimaren gubar bom na farko ya sauko kudu da Sahara, ya kai Njamena, cikin kwana huɗu ya isa Bamako, kafin mako biyu ya taɓa gaɓar Spaniya da tsibirin Sisili. Duk ɗan makarantar da ya buɗe taswirar Afirka zai ga inda ƙasar Hausa take tsakanin Njamena da Bamako. Dokar diyya da Faransa ta yi a 2010 ta taƙaita ne ga waɗanda suka zauna a wasu keɓaɓɓun wurare na hamadar Aljeriya da tsibiran Polinesiya, inda ita ma ta yi gwaje-gwaje. Babu Nijar a ciki, babu Chadi, babu Nijeriya.