Lambun Duwatsu a Tsakiyar Tenere

Wani abokina direban babbar mota, wanda ya daɗe yana bin hanyar Agadas zuwa Bilma, shi ya fara nuna mini wurin a wayarsa. Ya buɗe Google Earth ya yi ta jan hoton da yatsa, rairayi ne kawai iya ganinka, can sai ga wata baƙar da'ira kamar an kifa faifai a kan yashi, da siffar jirgin sama a tsakiyarta. Na ce masa wannan ai haɗin kwamfuta ne. Ya rantse mini cewa duwatsu ne, kuma da hannu aka jera su.

Labarin ya faro ne ranar 19 ga Satumba, 1989. Jirgin kamfanin UTA na Faransa, samfurin DC-10, ya taso daga Brazzaville, ya yada zango a Injamena, ya kama hanyar Paris. Bai cika awa guda da tashi ba bam ɗin da aka ɓoye cikin wata akwati ya fashe, jirgin ya tarwatse a sararin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar. Mutum 170 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Sun fito daga ƙasashe 18. Sau da yawa in ana ba da labarin sai a yi kamar musibar Turawa ce kaɗai, alhali bayan Faransawa, 'yan Kwango da 'yan Chadi ne suka fi yawa cikin mamatan, har da 'yan Kamaru.

Bincike ya nuna Libiya da yatsa. A lokacin ba a daɗe da gama yaƙin Chadi da Libiya ba, wanda Faransa ta mara wa Chadi baya a cikinsa. A 1999 wata kotu a Paris ta yanke wa 'yan Libiya shida ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, cikinsu har da Abdullahi Sanusi, surukin Gaddafi. A 2004 kuma wata gidauniya ta iyalan Gaddafi ta amince ta biya diyyar dala miliyan 170, wato miliyan ɗaya kan kowane rai.

Da a nan aka tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Iyalan mamatan suna da wata 'yar ƙungiya, jagoranta Guillaume Denoix de Saint Marc, wanda mahaifinsa na cikin jirgin. Ba gwamnati ce ta aike su ba, ba kuma sana'arsu ce gini ba. A 2007, shekara 18 bayan abin, suka ɗebi wani abu daga kuɗin diyyar suka nufi Agadas, suka haɗa kai da mutanen yankin sama da ɗari, suka shiga hamada. Inda suka zaɓa babu ko tsakuwa, sai da aka yi ta jigilar baƙaƙen duwatsu a manyan motoci daga nisan kilomita kusan 70. Ruwan sha ma ɗauko shi ake yi. Makonni suka yi cikin zafin bazara suna jera duwatsun ɗaya bayan ɗaya, har da'ira mai faɗin kusan mita 60 ta cika, aka bar siffar jirgin a tsakiya da farin yashi. A kewaye suka kafa madubai 170, kowanne an fasa shi da gangan. Suka tono fiffiken jirgin daga inda rairayi ya binne shi, suka zazzage yashin da ya cika shi, suka tsayar da shi, suka manna masa allon sunaye. Duk wanda ya taɓa fita aikin gayya ya san irin gajiyar nan da ba a yi wa lissafi.

Da farko abin bai kwanta mini ba. Mu mun tashi ne a inda ba a gini kan kabari. Itace da fasasshiyar tukunya sun ishe mu alama, in damina biyu ta wuce ƙasa ta shafe. Sai daga baya na lura ba kowa aka binne a wurin ba, sunaye ne kawai da duwatsu. Kuma da na ƙara kallon fasassun maduban nan, tukwanen maƙabartar garinmu suka faɗo mini a rai. Mu dai mun yi wa namu wanka da hannunmu, mun san inda muka kwantar da su. Da yawa cikin waɗannan iyalai ba su samu haka ba.

Na kira shi lambu ne don na rasa sunan da ya fi dacewa, ko da yake ko ciyawa ba ta tsirowa a can. Itaciya ɗaya da Tenere ta yi suna da ita ma wani direba ya banke ta a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai. Abin da masu aikin suka iya shukawa a wannan ƙasa dutse ne, sun kuma san ba mai zuwa ziyara sai ayarin gishiri da tauraron ɗan Adam.

Na tambayi abokin nawa ko ya taɓa ratsewa ya gani da idonsa. Ya ce ba a kan hanya yake ba, kuma ba mai ɓarnar man mota a wannan daji. Amma ya ce duk bayan 'yan watanni yakan buɗe taswirar ya duba, don ya ga iya inda yashi ya ci.